Ɗauraye injin kwalekwale a lokacin ƙarancin ruwa: tambayoyi da amsoshi

Duk mai injin da ake ratayawa a bayan kwalekwale ya san ka'idar: ka fito daga ruwan gishiri, ka ɗauraye cikin injin da ruwan daɗi. Rigimar tana tasowa ne idan fari ya yi tsanani, hukumar ruwa ta taƙaita amfani da ruwan famfo. Amsoshin da ke ƙasa sun ginu a kan abu guda: ana rage ruwa ta hanyar maimaita shi, ba ta hanyar rage wanda ke shiga injin ba.

Injin da kullum ruwa yake ja yana fitarwa, me zai sa sai an ɗauraye shi?

Saboda ruwan da yake ja shi ne matsalar. Irin wannan inji ba shi da lagireto kamar na mota. Yana zuƙar ruwan da kwalekwalen ke kai ta wasu ƙananan tagogi masu raga a gefen gidan giya, wato akwatin giyar inji da ke can ƙasan ƙafar injin. A saman gidan giyar akwai famfo mai farfelar roba, wadda makanikai ke kira imfela. Ita ke tura ruwan sama ta bututu zuwa kan injin, ya zagaya lungunan da ke kewaye da silinda, ya wuce ta tamostat, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya yi zafi, sannan ya sauko tare da hayaƙi ya fita ta tsakiyar farfelar jirgi. Ɗan kaɗan daga ciki yana tsartuwa ta wata ƙaramar kafa a ƙarƙashin murfin injin. Wannan tsartuwar ita ce shaidar cewa famfon na aiki.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Idan an kashe injin aka tsayar da shi, yawancin ruwan yana tsiyayewa, amma jikin lungunan yana nan a jiƙe, ga kuma zafin inji. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har lungun ya ƙuntata, tamostat ya maƙale, alminiyam ya fara cinyewa daga ciki inda ido ba ya gani. Makanikin da ya buɗe murfin tamostat na injin da ba a ɗaurayewa yakan tarar da farin ɓawo mai gari-gari ya cika wurin, wani lokaci sai an sa sukundireba an kankare kafin a ga ƙarfen.

Ruwa nawa ɗaurayar tiyo take ci?

Fiye da yadda mutane ke zato. Tiyon gida na yau da kullum yana fitar da lita 10 zuwa 20 a minti ɗaya, gwargwadon ƙarfin famfo da kaurin tiyon. Littattafan kamfanonin inji suna ba da lokacin ɗauraya daga minti 5 zuwa 15. In ka yi minti 15, ka zubar da lita 150 zuwa 300 ke nan a ƙasa. A 2018, lokacin da fari ya kusa ƙafar da madatsun birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, an ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Da wannan ma'aunin, ɗauraya ɗaya ta cinye rabon mutum uku zuwa shida.

Kada ka yi aiki da ƙiyasi. Ɗauki bokitin lita 10, buɗe tiyon yadda ka saba, ka duba agogo. In ya cika a daƙiƙa 40, tiyonka lita 15 yake bayarwa a minti.

To me zai hana in rage famfon kawai, ruwan ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan?

Wannan ita ce dabarar da ta fi kashe imfela. Fukafukan robar suna gogar bangon ƙarfen da suke juyawa a ciki, ruwa ne man shafawarsu kuma shi ke sanyaya su. Idan ruwa ya yanke, cikin daƙiƙoƙi kaɗan bakin robar ya ƙone ya taurare, wani lokaci fiffike ya ɓalle ya bi bututu ya maƙale a cikin injin. Abin haushin shi ne ba lallai ka gane a ranar ba. Injin zai tashi lafiya, tsartuwar ta ɗan yi rauni, sai ka yi nisa a kan ruwa ƙararrawar zafi ta fara kuka.

Da kunnuwan roba, wato waɗancan fayafayai biyu da ake matse tagogin shan ruwa da su a haɗa da tiyo, dole ruwan ya wadata har ya riƙa ɓulɓulowa ta gefensu. Wannan ɓulɓulowar ba asara ba ce, ita ke hana famfon zuƙar iska. In ruwanka bai kai haka ba, gara ka bar injin a kashe.

Wace hanya ce ta fi tanadin ruwa?

Duro. A tsoma ƙafar injin cikin ruwa a bar shi ya ja da kansa, ya mayar cikin duron, ya sake ja. Ga ƙananan injuna da matsakaita babu abin da ya fi wannan, kuma ya fi tiyo kama da yadda injin ke aiki a kan ruwa.

Ka nemi duron roba na lita 200 ka yanke samansa, ko wani babban bokitin roba mai kauri. Kafin komai, cire igiyar kashe inji, ka sa giya a firi. In wurin ya matse, cire farfelar jirgin: ka sa guntun katako tsakanin fiffikenta da farantin da ke samanta don kada ta juya, ka zare fil, ka kwance noti, ka lura da yadda wasoshin ke jere don ka mayar da su daidai. Tunda ka buɗe wurin, duba ko zaren kamun kifi ya nannaɗe sandar da ke juya farfelar, domin shi ke cinye robar da ke tare man giya. Ɗaga ƙafar injin, tura duron, ka sauke ta a hankali har ta tsaya a tsaye ba tare da ta taɓa gindin duron ba.

Yanzu batun tsayin ruwa, kuma nan ne ake yawan kuskure. Rufe tagogin shan ruwa kaɗai bai isa ba. Famfon yana sama da su, kuma tsohuwar imfela ba ta iya jawo ruwa daga ƙasa in akwai iska a tsakani. Cika har ruwan ya haura faffaɗan farantin da ke saman farfela da kamar santimita 10. Sa alama a jikin duron a wannan tsayin, domin da zarar injin ya tashi zai ɗebi wani ruwan ya cika cikinsa, hayaƙi kuma zai riƙa fantsalar da wani waje. Ajiye jarka ɗaya a kusa don ciko.

Mayar da igiyar kashe inji, tayar da injin, ka bar shi a silo. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 ya kamata ka ga tsartuwa, in ba ka gani ba kashe. Kada ka taɓa totur, kada ka sa giya. Juya tsartuwar ta faɗa cikin duron, da guntun tiyo ko ma da faranti. Bar shi ya yi minti 10 ko abin da littafinsa ya ce. Abin da ake jira shi ne tamostat ya buɗe, wanda a yawancin injuna yana faruwa a wajen digiri 50 zuwa 60 na Salshiyas. Kafin ya buɗe, ruwan ba ya ratsa wasu lungunan sosai. Sa hannu a tsartuwar ko a ruwan duron, idan ya yi ɗumi ka san injin ya fara ɗaukar zafi. Amma in ruwan duron ya kai zafin da hannu ba ya son daɗewa a ciki, kashe injin, domin ya daina sanyaya komai. Ƙaramin bokiti yana kai wannan matakin da wuri.

A waje ake wannan aikin, inda iska ke kaɗawa. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, kuma a rufaffen gareji tana kisa.

Injina babba ne, ba ya shiga duro. Yaya zan yi?

Akwai jakar ɗauraya ta tamfol mai kauri da ake sayarwa, wadda ake zura ƙafar injin a ciki a cika da ruwa. Aikinta ɗaya da duro, sai dai ta manyan injuna tana shan ruwa da yawa.

Hanya ta biyu ita ce ka haɗa zagaye da kanka. Sa faffaɗan baho a ƙarƙashin ƙafar injin ya tari duk abin da ke zubowa. A cikin bahon ka sa ƙaramin famfon batir mai bolt 12, irin wanda ake kwashe ruwan cikin kwalekwale da shi. Daga famfon ka ja tiyo zuwa kunnuwan roba. Ruwa ya tashi daga baho, ya shiga inji, ya dawo baho. Lita 40 zuwa 60 na iya isa, muddin famfon yana nutse ko da injin ya ɗebi rabonsa.

Abubuwa uku ke ɓata wannan haɗin. Na farko, lambar da aka rubuta a jikin famfon. Wanda aka rubuta wa galan 500 a awa, wato kusan lita 1,900, ko lita 31 a minti, yana ba da hakan ne in babu tiyo kuma babu hawa. Da ka sa masa dogon siririn tiyo, abin da zai isa injin na iya komawa rabi ko ƙasa. Irin wannan famfon yawa yake bayarwa, ba ƙarfin turi ba. Don haka tiyon ya zama gajere, mai faɗin milimita 19, kuma ga babban inji a ɗauki famfon da ya fi wannan girma. Gwada shi da bokiti da agogo kafin ka amince masa. Na biyu, datti: yashi da ɓawon gishirin da suka fito daga injin za su koma ciki in ba a tace ba, don haka a kewaye famfon da raga mai laushi kuma a ɗaga shi kaɗan daga gindin bahon. Na uku, wasu ƙafafun suna da ƙarin kafofin shan ruwa a can gaban hancin gidan giya ko a ƙarƙashin farantin. In kunnuwan ba su rufe su ba, iska za ta shiga ta nan. A toshe su da salatif mai ƙarfi, kuma a tuna a cire shi kafin a koma ruwa.

Sa fiyus a wayar famfon, ka ajiye batirin nesa da fantsalin ruwa da tankin fetur. Tsarin kunnawa ba ya canzawa: ruwa ya fara gudu kafin a tayar da inji, a kashe inji kafin a tsayar da ruwa. Kuma kada ka matsa ko nan da can. Kunnuwan roba suna zamewa da girgizar inji.

Ruwan da ya zagaya ba gishirin yake mayarwa cikin injin ba?

Yana mayarwa, amma a yi lissafi. A ce bayan injin ya tsiyaye, ruwan tekun da ya rage a cikinsa ya kai lita 2, kuma wannan an yi masa karimci ne. Gishirinsa giram 70. A zuba shi cikin lita 100, kowace lita ta sami giram 0.7, wato kashi 1 cikin 50 na gishirin teku. Injin da aka ɗauraye da wannan ya rabu da kusan duk gishirinsa. Ruwa ba ya gajiya da narkar da gishiri da wuri, lita ɗaya tana iya ɗaukar giram 360 kafin ta ƙoshi. Abin da ɗauraya ke buƙata shi ne lokaci da ɗumi da zagayawa.

Sai dai gishirin taruwa yake yi. Da wannan lissafin, bayan ɗauraya biyar a ruwa ɗaya an kai giram 3.5 a lita, bayan goma an kai giram 7, kashi ɗaya cikin biyar na teku. A ganinmu, sau uku zuwa biyar ya isa a canza ruwan. Mai son tabbaci ya sayi ɗan ma'aunin narkakkun gishiri da ake tsomawa a ruwa, ya auna sabon ruwan, ya riƙa kwatantawa.

Akwai dabarar da ke tsawaita rayuwar ruwan duro ƙwarai. Ruwan da ya fara fitowa a rabin mintin farko shi ya fi gishiri, don haka a tare tsartuwar farko a wani bokiti dabam. A ƙarshe kuma, bayan an kashe injin, a tura lita 10 na sabon ruwa ta kafar ɗauraya, wato kafar ɗaura tiyo da ke saman inji, in injin na da ita. Wannan ruwan ƙarshen ya zama cikon duro na gaba.

Inji mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa mai da fetur, yana barin maiƙo a saman ruwan. A shimfiɗa ƙyallen tsotse mai a kai kafin a rufe. Kuma a rufe duron da murfi mai nauyi, saboda sauro, saboda kuma yara.

Injina yana da kafar ɗaura tiyo a sama. Ba ta wadatar ba?

Tana da amfani, musamman ga kwalekwalen da ke kwana a kan ruwa, inda ake ɗaga ƙafar injin a ɗaura tiyo. Amma a kula: a injuna da yawa an yi ta ne don a yi amfani da ita injin yana kashe. Yamaha, alal misali, yana hana tayar da inji a kan wannan kafar, domin ruwan ba ya isa imfela yadda ya kamata. Wasu kamfanonin suna yarda a bar wasu samfuransu a silo. Littafin injinka shi ne alƙali.

Wajen tanadi, wannan kafar ta fi sauƙin haɗawa da famfon batir da baho, tunda injin a kashe yake: babu hayaƙi, babu maiƙo, babu fargabar ƙona imfela. A yi ta tun injin na da ɗumi. In an gama a mayar da murfin kafar a ɗaure shi da kyau. Murfin da aka manta a buɗe yana zubar da ruwan sanyaya inji a kan tafiya, injin ya yi zafi.

Ruwan sama, na rijiya, ko na wanki, wanne zan iya amfani da shi?

Ruwan sama ya fi kowanne, ba gishiri ba kanwa. Rufin da ke da faɗin murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 10, zai tara kusan lita 500, ɗauraya da yawa ke nan. A tace ganye da yashi kawai. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma mai kyau ne.

Rijiya ko burtsatse a kusa da gaɓar teku sau da yawa ruwanta zartsi ne, a auna shi tukuna. Ko da zartsi-zartsi ne, in gishirinsa bai kai na teku ba ya fi babu, amma a biyo shi da ruwan daɗi. Ruwan ɗaurayar tufafi na ƙarshe zai yi in an tace zaren da ke ciki, banda wanda aka sa wa bilic. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo da guntun abinci, a'a.

Dokar taƙaita ruwa ta hana ɗauraye inji ne?

Ya danganta da wurin da matakin dokar. Wasu hukumomin suna raba wanke jikin kwalekwale, wanda suke hanawa, da ɗauraye inji, wanda suke bari na 'yan mintuna. Wasu suna hana duka da ruwan famfo. Karanta sanarwar hukumar ruwan yankinka da kanka, kada ka dogara da abin da aka faɗa a bakin gaɓa, domin matakan suna canzawa kuma akwai tara. Yawanci dokar ruwan famfo take nufi, ba ruwan saman da ka tara ba.

Na tayar da injin a duro, tsartuwa ba ta fito ba. Imfela ta mutu ke nan?

Kashe injin tukuna. Sannan ka bi daga mai sauƙi. Ruwan ya kai alamar da ka sa? Leda ko ciyawa ba ta manne a tagogin shan ruwa ba? In waɗannan lafiya, kafar tsartuwar kanta ce abin zargi. Ƙarama ce, ƙwayar gishiri ko yashi na toshe ta, kuma zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a cikinta idan injin ya daɗe a ajiye. Zura zaren kamun kifi mai kauri ka sosa a hankali. Kada ka sa ƙusa ko waya mai tsini, za ta huda siririn tiyon da ke bayan kafar.

In ka sake tayarwa babu ruwa, ko yana zuwa yana yankewa, sai a sauke gidan giya a duba famfon. Imfela mai lafiya fukafukanta suna miƙewa in an ciro ta. Wadda ta gaji suna zama a lanƙwashe, da tsagewa a gindinsu. In wani fiffike ya ɓace, dole a nemo shi, yawanci yana bututun ruwa ko wajen tamostat. A duba farantin ƙarfen da take gogawa, in ya yi zane mai zurfi a canza shi tare da ita. Manyan kamfanoni suna cewa a canza imfela bayan awa 300 na aiki ko shekara 3, amma mai yawo a ruwa mai yashi bai kamata ya jira haka ba.

Magungunan narkar da gishiri suna rage ruwan da ake buƙata?

Irin su Salt-Away suna taimakawa wajen sassauta gishirin da ya fara kamawa, kuma a duro sun fi amfani, tunda maganin yana ta zagayawa maimakon ya wuce sau ɗaya ya bi ƙasa. A bi ma'aunin da ke jikin robar. Ba sa maye gurbin lokacin ɗauraya, kuma ba sa buɗe lungun da ya riga ya toshe.

Wasu suna zuba ruwan khal don cinye farin ɓawo. Yana ci, amma tsami ne, kuma yana taɓa alminiyam da anod, wato guntayen ƙarfen da ake ɗaurawa don su cinye a madadin jikin injin. In za a yi, ya zama sau ɗaya a dogon lokaci, a tsarma shi, kada ya kwana a ciki, a ɗauraye da ruwan daɗi daga baya. Asid mai ƙarfi kuwa kada ya kusanci injin.

A kogi ko tafki nake aiki. Ni ma sai na ɗauraye?

Ba kullum ba. In ruwan garau ne, tsayar da injin ya tsiyaye ya isa. In ka bi ta laka, yashi ko ciyawa, ɗauraye. Haka in za ka kai kwalekwalen wani ruwan dabam, domin ƙwayayen ciyawa da 'ya'yan ƙananan halittun ruwa suna tafiya a cikin injin.

Ina zan zubar da tsohon ruwan duron?

Ba a kwata ba, domin magudanar ruwan sama kai tsaye take zuwa kogi ko teku. Tsotse maiƙon da ƙyalle, ka kai ƙyallen inda ake karɓar tsohon man inji. Ruwan da gishirinsa bai yi yawa ba zai wanke tayoyi da ƙarfen tirelar jan kwalekwale, tunda su gishirin teku tsantsa suka sha. Kada a ba shuka, gishiri na ƙona saiwa kuma yana zama a ƙasa. Abin da ya rage, a tambayi hukumar yankin ko ana iya zuba shi a bututun ƙazantaccen ruwa.

Na dawo yau babu ruwa ko kaɗan. Me zan yi kafin gobe?

Sauke ƙafar injin ta tsaya a tsaye don ya tsiyaye gaba ɗaya. In ka bar shi a ɗage, ruwan gishiri zai kwanta a lunguna. Kada ka tayar da shi a bushe wai don ya fitar da ragowar ruwan. In kana da jarka ɗaya ta lita 20 kuma injin na da kafar ɗauraya, ɗora jarkar a wuri mai tsayi sama da kan injin, ka haɗa tiyo, ka tari abin da ya zubo a baho ka mayar sau biyu ko uku. Jiƙa tsumma ka goge ƙafar injin da maƙalar da ke riƙe shi a jikin kwalekwale. Gobe, da ka sami ruwa, yi ɗaurayar duro cikakkiya, ka ƙara mata minti 5 a kan yadda ka saba, tunda gishirin ya fara bushewa.